Idon Malami: Yadda Jami'o'i Suka Koyi Lura da Ɗalibin da Ke Cikin Damuwa

A shekarar 1911 hukumar Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky a Amurka ta kafa doka cewa duk ɗalibin da aka kama yana cin abinci a wani wurin da ba na makaranta ba, kora ce hukuncinsa. Wani mai gidan abinci da ke daura da kwalejin, mai suna Gott, ya ga ciniki ya tsaya cak, sai ya garzaya kotu. A 1913 babbar kotun jihar ta ba kwalejin gaskiya. Hujjarta ita ce hukumomin makaranta suna tsaye ne a madadin iyaye, don haka duk dokar da uba zai iya kafa wa ɗansa game da lafiyarsa da tarbiyyarsa, su ma suna da ikon kafa ta.

A kan wannan tunani aka gina jami'o'in wancan zamani, kuma shi Turawan Ingila suka kawo Afirka ta Yamma. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗalibai 104 ne kacal. Da aka gina gidajen kwanan ɗalibai irin su Mellanby da Tedder da Kuti da Sultan Bello, kowane gida yana da shugaba da mai kula daga cikin malamai. Ɗalibi ba ya ɓacewa a irin wannan wuri. Idan ya kwana biyu bai fito cin abinci ba, akwai wanda zai tambaya.

Sai dai idon da ke kallon ɗalibi a lokacin ido ne na ladabtarwa. Wanda ya daina zuwa lakca malalaci ne, wanda ya keɓe kansa mai girman kai ne, wanda ya faɗi jarrabawa bayan an san shi da ƙoƙari kuwa, an ce ya lalace. Ba a cika tambayar abin da ke cinsa a rai ba.

Wanda ya fara juya wannan kallo shi ne Dakta Stewart Paton, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Princeton. Ya lura cewa samari masu basira suna barin karatu ba don kai ya gaza ba, sai don zuciya ta yi nauyi. A 1910 ya buɗe ƙofarsa domin su zo su yi magana, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin sashen kula da lafiyar tunanin ɗalibai na farko a jami'o'in Amurka.

Bayan shekara hamsin, wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta abin da ya gani a wajen ɗaliban Najeriya. A rubutunsa na 1960 ya bayyana samarin da ke zuwa da koke iri ɗaya: kai yana zafi, ko kamar wani abu yana yawo a cikinsa, idanu suna dishi-dishi idan an buɗe littafi, a karanta shafi guda a tashi ba a riƙe komai ba. Su ɗaliban suna cewa ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji. Prince ya ɗora laifin a kan salon karatun Turawa da aka ɗora wa yaran da suka taso cikin wata tarbiyya dabam. Likitocin da suka zo bayansa, ciki har da 'yan Najeriya, sun yi masa gardama, da yawansu suna ganin fargaba ce da ciwon damuwa suke fitowa ta hanyar jiki. Ko ma wane ne ke da gaskiya, abin da Prince ya gani har yau yana nan a ofisoshin malamai. Da wuya ɗalibi ya shigo ya ce, "Malam, ina cikin damuwa." Abin da zai ce shi ne, "Malam, karatun ne ba ya shiga," ko "Kaina ne ke ciwo tun wancan mako." Malamin da ya tsaya a kan maganar karatu kaɗai, ya ce masa ya ƙara ƙoƙari, ya ji rabin zancen ne.

Daga nan sai zamanin tsayuwar makaranta a madadin uba ya ruguje, kuma ɗalibai ne da kansu suka ture shi. A 1960 Kwalejin Jihar Alabama da ke Amurka ta kori wasu ɗalibai baƙaƙen fata saboda sun zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farare. A 1961 kotun tarayya ta ce ba a korar ɗalibi daga makarantar gwamnati ba tare da an saurare shi ba. A Ingila aka sauko da shekarun balaga a doka daga 21 zuwa 18 a farkon 1970. A 1974 Amurka ta yi dokar da ta taƙaita bayyana bayanan ɗalibi ga wani, har da iyayensa. Ɗalibi ya zama baligi mai 'yanci, kuma hakan ci gaba ne. Amma malamai da yawa sun fahimci sabon tsarin da cewa abin da ya wuce allo da takardar jarrabawa ba ruwansu.

Ba duka ba. A 1970, a Jami'ar Essex, wani malami, Geoffrey Hosking, da limamin cocin jami'ar, Malcolm France, suka damu da yawan ɗaliban da ke shiga ƙunci cikin dare, lokacin da duk ofisoshi ke rufe. Suka horar da wasu ɗalibai su riƙa ɗaukar waya har asuba, suna sauraro kawai, ba wa'azi ba hukunci. Wannan shi ne asalin Nightline, wadda ta bazu zuwa jami'o'i da dama a Birtaniya da wajenta.

Abin da ya girgiza kowa ya faru ne a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka ranar 16 ga Afrilun 2007, inda wani ɗalibi ya harbe mutum 32 sannan ya kashe kansa. Wajibi ne a faɗa a nan cewa mafi yawan ɗaliban da ke cikin damuwa ba sa cutar da kowa, su ne ma ke cutuwa. Darasin yana cikin abin da ya gabaci ranar. Tun a 2005 mawaƙiya Nikki Giovanni, wadda ke koyar da shi, ta ga halinsa da rubuce-rubucensa sun tayar wa 'yan aji hankali, ta ce a fitar mata da shi. Shugabar sashen Ingilishi, Lucinda Roy, ta ɗauke shi tana koyar da shi shi kaɗai, tana roƙonsa ya je wajen masu ba da shawara, ta kuma sanar da hukuma. 'Yan sandan jami'a sun san wani abu, masu kula da gidajen kwana sun san wani, asibiti ya san wani. Kwamitin da Gwamnan jihar Virginia, Tim Kaine, ya kafa ya gano cewa babu wanda ya haɗa waɗannan bayanai wuri guda, kuma ma'aikata sun yi wa dokokin sirri fahimtar da ta fi abin da dokokin suka ce tsauri. Malamai sun gani, sun kuma yi magana, hanyar da maganar za ta bi ce babu. Daga 2008 jihar Virginia ta wajabta wa jami'o'in gwamnati kafa kwamitin da ke karɓar irin wannan rahoto, jami'o'i da dama a ƙasar suka bi sahu.

A wannan tsakani ne horar da ma'aikata ya kankama. Betty Kitchener, ma'aikaciyar jinya a Canberra ta Ostireliya, da mijinta Farfesa Anthony Jorm, sun tsara kwas ɗin agajin farko na lafiyar tunani a farkon shekarun 2000, bisa hujjar cewa idan ana koya wa mutum ɗaure rauni kafin a kai asibiti, ana iya koya masa abin da zai yi wa wanda hankalinsa ya tashi. Abin da irin waɗannan kwasa-kwasai ke koya wa malami ba shi da wuya. Ya lura da sauyi: mai zama a gaba ya koma baya, mai tsafta ya daina kula da jikinsa, aikin gida ya daina zuwa, saƙo yana shigowa da ƙarfe uku na dare cike da ban haƙuri. Ya kira ɗalibin gefe, ba a gaban 'yan aji ba. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba abin da yake zato ba, sannan ya yi shiru ya saurara. Kada ya yi alkawarin rufe sirri idan rai na cikin haɗari, kuma kada ya mai da kansa likita. Idan ya ji alamar ɗalibi ya yanke ƙauna daga rayuwa, ya tambaye shi kai tsaye. Mutane da yawa suna tsoron tambayar za ta cusa tunanin, amma binciken da Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia ta wallafa a 2005 ya nuna ba ta cusa shi.

Shari'ar da ta fi kusa da aikin malami na yau da kullum ita ce ta Natasha Abrahart, ɗalibar kimiyyar fiziks 'yar shekara 20 a Jami'ar Bristol. Tana fama da matsanancin tsoron magana a gaban mutane. A rubuce tana da ƙoƙari, amma idan aka zo jarrabawar baka sai ta kasa buɗe baki, ko ta ƙi zuwa, ana kuma rage mata maki. Ma'aikatan sashenta sun san da haka tsawon watanni, har ta rubuta wa ɗaya daga cikinsu halin da take ciki. Ta kashe kanta ranar 30 ga Afrilun 2018, ranar da aka sa za ta gabatar da aiki a babban ɗakin lakca. Iyayenta suka kai ƙara. A 2022 kotu ta ce jami'ar ta saɓa dokar daidaito ta 2010 domin ba ta sauya mata salon jarrabawar ba, aka yanke diyyar sama da fam 50,000, kuma a 2024 babbar kotu ta tabbatar da hukuncin. Ma'anarsa ga malamai a fili take: idan matsala ta bayyana ƙarara, jiran takardar likita ko cike fom ba uzuri ba ne. Babu wanda ya ce ma'aikatan mugaye ne. Sauya jarrabawar baka zuwa ta rubutu abu ne da ke hannunsu, kuma ba a yi ba.

A jami'o'in Najeriya na yau, inda aji ɗaya kan cika da ɗaruruwan ɗalibai, tsarin Ibadan na 1948 ya zama tarihi. Ɗaliban da suka zauna gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022 sun dawo suka tarar da ƙarin kuɗin makaranta da tsadar abinci. Wanda ya fi kowa damar gani shi ne malamin da ke kula da rajistar aji, domin a teburinsa sakamako ke bi, shi ne zai fara ganin wanda ya tashi daga sahun gaba ya tara kariyoba a zango guda. Sakatariyar sashe da mai gadin gidan kwana da limamin masallacin makaranta su ma suna gani. Jami'o'i da dama suna da ofishin ba da shawara, amma ɗalibi ba ya zuwa inda yake tsoron a ce ya taɓu.

Doka ma ta daɗe tana ƙara masa wannan tsoro. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta kasance tana kallon mara lafiya a matsayin wanda za a tsare. Dokokin laifuka da ƙasar ta gada, na Arewa da na Kudu, sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa ɗalibi da abokansa, wani lokaci har da malaminsa, su rufe maganar maimakon su nufi asibiti. Ghana ta soke irin wannan sashe daga dokarta a 2023.