Musabbabin Tsagewa da Yoyon Tankunan Ruwa na Ƙarƙashin Ƙasa: Nazari kan Kwaɓi, Mahaɗa da Ban-ruwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da ke sa tankunan ƙasa tsagewa a yankunan da rani ya fi damina tsawo, ta hanyar auna yadda magina ke aiki da ƙa'idojin injiniya. Matsayarta ita ce yawancin yoyo daga hannun ma'aikata yake farowa, tun ranar zuba kankare.

Gabatarwa

Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Kano na samun kusan milimita 800 a shekara, akasari daga Yuni zuwa Satumba, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100 zai iya zubo da lita 80,000 kafin a cire asara. Riƙe ruwan shi ne aiki. Tankin Basilika na Istanbul, wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarki Jastiniyan, yana tsaye har yau a kan ginshiƙai 336, alhali wani tankin gida kan fara tsiyaya bayan damina ɗaya ko biyu.

Nauyin da ke kan tanki

Kowace mita ta zurfin ruwa na danna bango da kusan tan 1 a murabba'in mita, shi ya sa ɓarnar kan fara daga gindi. Tanki mai kusurwa huɗu yana tara wannan nauyi a kusurwoyinsa, zagayayye kuwa yana rarraba shi. Daga waje ma akwai ƙasa. Baƙar laka irin firgi ta gaɓar Tafkin Chadi kan kumbura da damina, ta tsuke ta daddare da rani, tana jijjiga gindin gini kowace shekara. A fadama kuma, ruwan ƙasa na iya ɗaga tankin da ba komai a cikinsa.

Kwaɓi da ban-ruwa

Nan ne tushen matsalar. Kankaren riƙe ruwa na buƙatar kada nauyin ruwan kwaɓi ya haura kusan rabin nauyin siminti, wato buhu mai kilo 50 bai wuce jarka ɗaya mai lita 25 ba, ƙasa da haka ma ya fi. Amma a wurin aiki, da lebura ya ji shebur ya yi nauyi sai ya ƙara bokiti, kwaɓin ya yi ruwa-ruwa don ya yi saurin bin katako. Rarar ruwan nan za ta bushe ta bar ƙananan kofofi, su ne hanyar yoyo daga baya. Yashi mai laka ya ƙara dagula lamarin.

Sai kuma hunturu, lokacin da mutane suka fi son gini saboda ba ruwan sama. Busasshiyar iska na tsotse fuskar ɗanyen kankare cikin sa'o'i, ta bar shi da tsaga kamar faso. Kankare na buƙatar danshi na aƙalla kwana 7, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, kuma sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Yayyafi sau ɗaya da safe, kamar yadda aka saba, bai wadatar ba.

Tsohuwar ƙa'idar Birtaniya BS 8007 ta 1987 ta iyakance faɗin tsaga a milimita 0.2. Ana cimma hakan da rodi sirara a kusa da juna, a lulluɓe da kankare kaurin milimita 40 don kada tsatsa ta ci su ta fasa bangon.

Mahaɗa

Inda daɓen ƙasa ya haɗu da bango, da inda aka tsaya jiya aka ɗora yau, da bakin bututu, su ne wuraren da ruwa ya fi fita. A sanya robar tare ruwa a mahaɗar, a karce tsohon kankare a wanke kafin a ɗora sabo. A nisanta tanki da saiwar darbejiya da ramin salga.

Kammalawa

Bulo inci 9 da shafen filasta, wanda ya fi yawa a gidaje saboda araha, ba ya jure ruwa mai zurfi in ba a cika shi da kankare da rodi ba. Ya kamata kowace kwangila ta wajabta gwaji: a cika tanki, a bar shi ya sha, a auna saukar ruwan tsawon kwana 7 kafin a mayar da ƙasa. Kada a biya ragowar kuɗin magini sai tankin ya ci wannan gwaji.