Batirin Litiyam: Daga Rikicin Man Fetur Zuwa Zuciyar Majiyyaci, Kwamfuta Da Mota

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta ɗanyen mai, saboda goyon bayan da suka ba Isra'ila a yaƙin da aka gwabza cikin watan. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Manyan kamfanonin mai da kansu suka shiga lissafin ranar da rijiyoyi za su ƙafe. Ɗaya daga cikinsu, Exxon, tun 1972 ya ɗauki wani masanin sinadarai haifaffen Ingila, Stanley Whittingham, kuma aikin da ya duƙufa a kai shi ne samar da batirin da zai iya jan mota.

Mota mai aiki da lantarki ba baƙuwa ba ce ko a lokacin. Motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa, a 1899, ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa ta. Abin da ya durƙusar da irin waɗannan motoci shi ne batirin dalma, mai nauyin tsiya da saurin ƙarewa. Da Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, sannan Cadillac ya kawo motar da ake tayarwa ba sai an murɗa inji da hannu ba a 1912, sai fetur ya mamaye kasuwa.

Whittingham ya karkata ga litiyam, ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, wanda aka gano a Suwidin a 1817. Batirinsa ya yi aiki, ana kuma iya sake yi masa caji. Matsalar ita ce tsantsar litiyam ba ya son wargi: bayan an yi ta caji, wasu siraran tsirrai kan fito a jikinsa su haɗa ɓangarorin batirin biyu, sai gobara ta tashi. Da farashin mai ya sauko a farkon shekarun 1980, Exxon ya janye jiki.

Likitoci ne suka riga masu mota cin moriyar wannan ƙarfe. A 1958, a birnin Stockholm, aka fara dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya a cikin jiki. Majiyyacin, Arne Larsson, 'yan awoyi kawai ta farkon ta yi masa, kuma kafin rasuwarsa a 2001 an canja masa na'urar fiye da sau 20. Batiran da aka dogara da su a shekarun 1960 ba su cika wuce shekara biyu ba, abin da ke nufin sabuwar tiyata duk sanda suka mutu. Injiniya Wilson Greatbatch na Amurka ya shigo da batirin litiyam da aidin a farkon shekarun 1970, wanda kan kai kusan shekara goma. Ba a yi masa caji, amma ya nuna cewa ana iya sarrafa litiyam har a ajiye shi kusa da zuciyar ɗan Adam.

A 1980 John Goodenough, Ba'amurke da ke koyarwa a Jami'ar Oxford, ya gano cewa haɗin litiyam da kobalt na ba da kusan ninkin ƙarfin wutar batirin Whittingham. Saura maganin gobarar. A 1985 Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya cire tsantsar litiyam ɗin, ya maye gurbinsa da wani nau'in gawayi da ake samu daga tace man fetur. Tun daga nan ƙwayoyin litiyam ke kai-kawo tsakanin ɓangarorin biyu, su tare a wannan gefe yayin caji, su koma wancan yayin aiki, sau ɗaruruwa ba tare da batirin ya lalace ba.

Sony ne ya kai shi kasuwa a 1991. Wayar salula, kyamarar bidiyo da kwamfutar tafi-da-gidanka su suka fara ɗaukarsa, kuma yawan cinikinsu ya sa masana'antu suka ƙware, farashi ya yi ta faɗuwa, da kusan kashi 97 cikin ɗari a ƙasa da shekara talatin. Motar Tesla Roadster ta 2008 da ƙananan batira 6,831 irin na kwamfuta take tafiya. Nissan Leaf ta biyo baya a 2010. Shi ma BYD na ƙasar Sin, wanda yau yake sahun gaba wajen ƙera motocin lantarki, da sana'ar batir ya fara a 1995.

A 2019 aka ba Whittingham, Goodenough da Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Goodenough yana da shekara 97, babu wanda ya taɓa karɓarta da ya kai shi tsufa. Sai dai Oxford ba ta yi wa bincikensa rajistar mallaka ba, ya miƙa haƙƙin ga wata cibiyar gwamnatin Birtaniya da ke Harwell, bai ci riba daga cinikin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka rabon yake tsakanin ƙasashe. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, amma mafi yawan tacewa da ƙera batira a Sin ake yi. Najeriya ma ta shiga sahun masu haƙar litiyam, musamman a jihohin Nasarawa, Kaduna da Kwara, kuma a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa. Tarihin wannan batir ya nuna cewa kaso mafi tsoka na hannun wanda ya mayar da ɗanyen dutse kayan sayarwa, don haka abin lura a jihohin nan shi ne matakin da sarrafawar za ta kai kafin a yi lodin kayan zuwa tashar jirgin ruwa.