Babbar Ruga: Yadda Likitan Tiyata Ya Kai Kukan Mata Gaban Hukuma

Mai karatu, idan ka fita ta Ƙofar 'Yandaka ka miƙi hanyar Batsari, ba za ka yi nisa ba za ka tarar da asibitin Babbar Ruga. A da, kutare ake jinya a wurin. Yau kuwa cibiyar ƙasa ce ta kula da masu yoyon fitsari. Tarihin wannan sauyi ya cancanci ka san shi.

A shekarar 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga domin aikin kuturta. Sai ya ga mata suna zuwa da wata lalura dabam: doguwar naƙuda ta sa kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje, fitsari yana zuba ba dare ba rana. Da yawansu an sake su, dangi kuma sun ƙaurace musu. A 1984 ya fara yi musu aiki.

Da ya tsaya ga ɗinki kawai, da amfanin ya ƙare a kan waɗanda hannunsa ya kai gare su. Amma ya riƙa rubuta bayanin kowace majinyaciya: shekarunta, kwanakin da ta yi tana naƙuda, girman raunin da sakamakon aikin. Waɗannan alƙaluma su ne suka zama hujjar da mahukunta ba su iya kawar da kai daga gare ta. Ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, aikin ya bazu zuwa cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano da wasu jihohi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1990 aka kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da yoyon fitsari ƙarƙashin Hajiya Amina Sambo, inda likitoci da ƙungiyoyin mata suka haɗa murya. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2005, cikin mako biyu, aka yi wa mata fiye da 500 aiki a Kano, Katsina, Kebbi da Sakkwato da tallafin UNFPA. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓi Babbar Ruga, tare da irinta a Abakaliki da Ningi, kuma aikin kyauta ne.

Ga abin da ya shafi gidanka. Binciken Waaldijk ya nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da zarar yoyon ya fara, aka bar ta makonni tana shan ruwa da yawa, wani ƙaramin rauni yakan rufe ba tare da tiyata ba. Saboda haka kada a ɓoye ta a ɗaki, kada a ɓata kuɗi wajen sayen ƙwayoyi a kemis, domin babu ƙwayar da take toshe wannan rauni. A kai ta asibiti da wuri. Naƙudar da ta wuce awa 12 kuwa, kada a bari ta ƙara kwana a gida. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.