BABI NA UKU: TARIHIN DA FIM ƊIN "MONONOKE HIME" YA GINU A KANSA

3.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin abubuwan tarihi da Hayao Miyazaki ya yi amfani da su wajen shirya fim ɗinsa na katun mai suna "Mononoke Hime", wanda kamfanin Studio Ghibli ya fitar a ƙasar Japan a shekarar 1997. Manufar ita ce a nuna cewa rikicin mutane da daji da ke cikin fim ɗin yana da tushe a tarihin ƙasar.

3.2 Zamanin Muromachi da Sana'ar Narka Tama

An gina labarin a kan zamanin Muromachi, wato daga 1336 zuwa 1573, lokacin da ikon gwamnatin tsakiya ya yi rauni, sarakunan yaƙi suka yi ta gwabzawa a kan ƙasa da dukiya. Ƙarfe kuwa shi ne ƙashin bayan noma da yaƙi. Japanawa suna samun sa ta hanyar da ake kira "tatara", inda ake zuba yashi mai tama da gawayi cikin murhun yumɓu, ana hura wuta da zuga-zugi kwana da kwanaki. Yankin Izumo, a lardin Shimane na yanzu, ya shahara da wannan sana'a.

Idan aka lura, sana'ar tana cin daji ta fuska biyu. Da farko, sai an sare itatuwa masu yawa kafin a sami gawayi. Na biyu, wanke ƙasar tsauni don fitar da yashin yakan gurɓata koguna, abin da ya riƙa haddasa sabani tsakanin masu ƙarfe da manoman shinkafa da ke gangare. Saboda haka, garin maƙera na Uwargida Eboshi ba zai rayu ba sai ya ci dajin, iskokin daji kuma ba za su rayu ba muddin garin yana bunƙasa.

3.3 Waɗanda Aka Mayar Saniyar Ware

Jarumin fim ɗin, Ashitaka, ɗan ƙabilar Emishi ne, mutanen arewa maso gabas waɗanda daular Japan ta yi ta yaƙa har shugabansu Aterui ya miƙa wuya a shekarar 802. Haka kuma Eboshi ta tara kutare da matan da ta fanso daga gidajen karuwai, ta ba su aiki da mutunci. A nan Miyazaki ya kauce wa tarihi da gangan, domin a al'adar tatara ba a barin mata su shiga wurin narka tama. Batun kutare kuwa ya shafi zamaninsa, don sai a 1996 Japan ta soke dokar da ta killace su.

Wannan ne ya sa ba za a iya kiran Eboshi muguwa kai tsaye ba. Gatarin da ke sare dajin shi ne yake ciyar da marasa galihu.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa fim ɗin bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Bayan mutuwar babban iskan daji tsirrai sun sake tofowa, amma tsohon dajin bai dawo ba. San, wadda kyarketai suka raina, ta zauna a daji, Ashitaka kuma ya zauna a garin maƙera. Tarihi ma ya tabbatar da irin wannan asara, domin tun 1905 ba a sake samun tabbacin ganin kyarkecin Japan ba. Babi na gaba zai duba matsayin addinin Shinto a cikin fim ɗin.