Kujerar Da Ba Kowa A Kanta A Kotun Tsafe

Mai karatu, wanda duk ya yi wayo a farkon shekarun 2000 zai tuna yadda sunan Tsafe ya cika gidajen rediyon duniya. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. A watan Satumba na shekarar, aka gurfanar da wata yarinya 'yar ƙauyen Magazu a kotun Shari'a ta Tsafe da ciki, ba ta da aure. Ba zan kama sunanta ba, don kuwa duniya ta kama shi ya isa haka nan. Ta ce wasu maza uku ne suka tilasta mata. Mazan suka musanta, aka sallame su. Ita kuwa aka yanke mata bulala 180: 100 na zina, 80 na ƙazafi. Daga baya aka soke na ƙazafin, aka yi mata 100 ranar 19 ga Janairu 2001, bayan ta haihu, alhali ƙungiyar BAOBAB ta su Ayesha Imam na cikin shirin ɗaukaka ƙara.

An yi rubutu mai yawa a kan wannan shari'a, galibinsa ja-in-ja ne tsakanin masu kare Shari'a da masu sukar ta. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A wannan zaure akwai alƙali, akwai masu gabatar da ƙara, akwai waɗanda ake zargi, amma babu mutum guda wanda sana'arsa ita ce sanin yadda ake sauraren yarinyar da aka ci wa zarafi, da yadda ake auna maganarta. Ko shekarunta ma ba a tsaya a kan magana ɗaya ba, rahotanni sun yi ta yawo tsakanin 13 da 17.

Wannan sana'a kuwa tana nan, kuma ta girmi jihar Zamfara nesa ba kusa ba. Ana kiran mai yin ta masanin halayyar ɗan Adam mai yi wa kotu aiki. A Jamus ta fi yin saiwa. Tun farkon ƙarni na 20 William Stern ke gwaje-gwaje a kan yadda shaida ke tuna abin da ya gani, da yadda irin tambayar da aka yi masa ke karkata amsarsa. A 1954 kotun ƙoli ta Jamus ta Yamma ta kira masana don jin ko iliminsu na da amfani ga alƙali. Cikinsu akwai Udo Undeutsch, wanda ya kawo misalin wata 'yar shekara 14 da ya bincika maganarta a shari'ar fyaɗe. A 1955 kotun ta hukunta cewa a riƙa neman irin waɗannan masana a shari'un lalata da yara idan ana jayayya. Hujjar Undeutsch mai sauƙi ce: labarin abin da ya faru da mutum da gaske ya sha bamban da ƙirƙirarre, a tsarinsa da ƙananan bayanansa, kuma wanda ya koyi aikin yana iya lura da bambancin. Ba duba ba ne, kuma masanin kan yi kuskure, to amma ya fi a bar yarinya ita kaɗai gaban manya maza uku da ke musantawa.

A Amurka kuma, a 1974, Ann Burgess da Lynda Holmstrom suka wallafa abin da suka gano bayan zantawa da matan da aka kawo asibitin birnin Boston sakamakon fyaɗe. Sun nuna cewa wata takan zo tana kuka da kakkarwa, wata kuwa shiru kamar ba abin da ya same ta. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa da yawa jikinsu kan sandare saboda tsoro, ba ihu ba kokawa, kuma yara kan daɗe ba su faɗa ba, musamman idan mai laifin sananne ne a gida.

A nan ne nake so mu dakata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciki ga wadda ba ta da miji hujja ce ta zina, sai fa in ta kawo alamar tilastawa, kamar a ce ta zo tana zubar da jini ko tana neman agaji a lokacin da abin ya faru. Haka yake a Muwaɗɗa, haka yake a Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Hanafawa da Shafi'awa ba su yarda ciki kaɗai ya isa hujja ba. To amma ko a cikin Malikiyyar, lura da kyau, alama aka nema. Malaman fiƙihu kuma tun can sun yarda alƙali ya nemi masana a abin da ya shige masa duhu, shi ya sa ake karɓar shaidar ungozoma a lamarin mata. Ga kuma ƙa'idar kawar da haddi idan akwai shubuha, wadda ta yi tasiri wajen wanke Safiya Hussaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003. Ashe ke nan ƙofar a buɗe take. Da akwai masanin da zai shaida wa kotu cewa shirun yarinya ba ya nufin yarda, ai ba wani baƙon abu ya shigo da shi cikin Shari'a ba, alama ce ya fassara.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin shi ne zama da masu laifin kansu, aikin da mutane ke ƙyama amma nan rigakafin yake. Abin mamaki, Kanada, ƙasar da ta fi kowa ɗaga murya kan bulalar Tsafe, ita ce ta fitar da Karl Hanson, wanda ya ƙarar da rayuwar aikinsa a kan wannan fage. A 1998 shi da abokiyar aikinsa suka tattara bincike 61, suka ga kimanin 13 cikin 100 na masu irin wannan laifi ne aka sake kamawa da shi cikin shekara huɗu zuwa biyar. A 1999 shi da David Thornton na hukumar gidajen yarin Ingila suka fito da ma'aunin Static-99, tambayoyi goma kacal, irin su shekarun mutum, da laifukansa na baya, da ko baƙuwa ya afka wa. Manufar ita ce a gane 'yan tsirarun da suka fi haɗari a sa musu ido. Ba na cewa a kwaso shi a dasa a gidan yarin Gusau, domin da bayanan fursunonin Turawa aka gina shi. Namu sai mun fara adana namu bayanan tukuna.

Nijeriya ta ɗan motsa. An buɗe cibiyar Mirabel a Legas a 2013, an yi dokar hana cin zarafi ta VAPP a 2015, an ƙaddamar da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a 2019, Kaduna kuma ta yi dokar dandaƙa a 2020. Mu dai mun fi saurin tsananta hukunci a kan horar da wanda zai tabbatar da laifin.

Zamfara kuwa, matsalar ta sauya kama ta ƙara muni. 'Yan bindiga sun kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. A Satumban 2023 suka shiga Sabon Gida da ke ƙaramar hukumar Bungudu suka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi aiki a Anka da Shinkafi da Zurmi, ta sha bayar da rahoton matan ƙauye da ake yi wa fyaɗe a gona ko a daji wajen neman itace, da yadda da yawa ke isa asibiti bayan awa 72 ɗin da maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki sun wuce. Mai laifin nan yana daji da bindiga, ba kotun da ya tsaya gabanta. Wadda ta dawo gida da ciki kuwa tana cikin gari, kowa na kallon ta, kuma tambayar da za a fara yi mata ita ce wadda aka yi wa yarinyar Magazu a shekarar 2000.