Wuƙar kakanninmu da adonta

Yau za mu yi magana bisa tsohuwar wuƙar hannu da adon da ke jikinta. A Dogarawa da Ƙonni da Illela, akwai gidajen da har yanzu suke da irinta, an gada daga kakanni. Ana ɗaura ta ga hannun hagu, da zoben fata da ke haɗe da kube. Abzinawa suna kiranta telak.

Wuƙa ɗaya aikin mutum uku ce.

Na farko shi ne maƙerin baƙi. A da, maƙeran Adar su ke haƙo tama, su narka ta da gawayi, su fid da ƙarfe. Wata Bafaransa mai bincike, Nikol Eshar, ta ɗauki fim ɗin wannan aiki a Adar cikin shekarun 1960. Daga baya ƙarfen tsofaffin motoci ya yi yawa, aka bar narka tama. Maƙeri yana dukan ƙarfe da masaba har ya yi kaifi biyu. Sa'an nan ya ja layuka a tsakiya, ya buga ɗige-ɗige. Wannan shi ne adon farko.

Na biyu shi ne maƙerin fari, mai aikin tagulla da jan ƙarfe da azurfa. Shi ke yi wa ƙota ado. Wani lokaci ya naɗe ta da siririyar waya. Wani lokaci ya jera fallen jan ƙarfe da na tagulla da na baƙin ƙarfe, ya goge su da magagari, sai launi uku su fito a jere. Azurfa kuwa, da yawa daga tsabar kuɗin Turai take. Fatake sun kawo riyal mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ke ɗauke da shekarar 1780, maƙera suka riƙa narka shi.

Na uku shi ne baduku, mai ɗinka kube. Fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ta yi suna har ƙasar Turai. Majema suna jeme ta da bagaruwa. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kashin maƙera, kore kuma daga garin tagulla. Baduku yana danna zane bisa fata, ko ya ɗaye bayanta da bakin wuƙa, sai fari ya fito cikin ja.

Ba duk ƙarfen ba ne na gida. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa ana kawo ruwan takobi wajen 50,000 kowace shekara, galibi daga garin Solingen na Jamus, ta hanyar hamada. A Kano ake yi musu ƙota da kube. In takobi ya karye, ba a yar da shi, sai a mai da guntun wuƙa.

Wasu ƙasashe ma suna da irin wannan sana'a. A Indiya, zamanin sarakunan Mugal, maƙeri yakan karce jikin ƙarfe, ya danna zaren zinariya cikin karcen har ya kama. Wuƙaƙensu suna gidajen tarihi na duniya, ana girmama su. Namu ma sun cancanci haka. A Yamai, gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yana ajiye kayan kakanni domin jama'a su gani.

To, ƴan uwa, dillalan tsofaffin kaya suna son irin wannan wuƙa. Kuɗin da za su ba ku zai ƙare cikin mako guda, wuƙar kuwa ba ta dawowa. In kuna da ita a gida, kada ku goge ta da yashi, domin zanen zai tafi. Ku shafa mata mai kaɗan, ku ajiye ta inda ba laima. Ku tambayi tsofaffi: wa ya ƙera ta? Wa ya fara ɗaura ta? Ku rubuta amsar ga takarda, ku ajiye tare da wuƙar domin jikokinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.