Kalaba: Birnin Gaɓar Teku da Kotu Ta Raba da Teku

Ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihohi biyu. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna tuna ranar domin a cikinta aka cire Katsina daga Kaduna. Ɗayar jihar ita ce Akwa Ibom, wadda aka yanko daga Kuros Riba, kuma wannan yanka ne ya share fagen asarar da birnin Kalaba ya tafka bayan shekara 25.

Manomin masara na Sabuwa, wanda daminarsa ba ta wuce wata biyar, zai yi mamakin Kalaba. Ruwan da ke sauka can a shekara yana kaiwa kusan milimita 3,000, wajen ninki uku na abin da kudancin Katsina ke samu, kuma yakan fara tun Maris ya zarce har Nuwamba. Hunturu kan leƙa a Disamba da Janairu, ƙurarsa ta riga ta yi laushi. Wannan ruwa ne ke raya kwakwar manja, kuma manja na cikin abubuwan da suka gina birnin.

Wanda ya je neman farin rairayi da igiyar ruwa zai dawo da ƙorafi. Kalaba tana zaune ne a kan tudu a bakin Kogin Kalaba, kusa da inda yake haɗuwa da mashigar Kogin Kuros, tekun kuwa yana can gaba. Gaɓar tata laka ce da dazuzzukan itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje. A bakin 'yan kasuwar da, gaɓa tana nufin wurin da jirgi ke tsayawa a yi ciniki, kowane babban gida da tasa. Shahararren rairayin yankin, na Ibeno, yana Akwa Ibom.

A waɗannan gaɓoɓi Efik suka yi ƙarfi. Tun ƙarni na 17 garuruwansu, musamman Duke Town da Creek Town da Old Town, suka zama dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa, hajar kuwa bayi ce. Gasar ta yi zafi har a 1767 mutanen Duke Town suka haɗa baki da wasu matuƙan jiragen Ingila aka yi wa manyan Old Town kisan gilla. Ƙungiyar asiri ta Ekpe ce ke riƙe da doka: ita ke tilasta biyan bashi, ita ke hukunta wanda ya karya alkawari, tana kuma amfani da alamomin rubutu da ake kira nsibidi. Da Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, gidajen nan suka karkata sannu a hankali zuwa manja, ba tare da sun saki dillancin ba.

A Satumba 1884 sarakunan Tsohuwar Kalaba suka sa hannu kan yarjejeniyar kariya da Ingila. Birnin ya zama mazaunin mulkin Turawa a yankin, daga baya hedikwatar Kudancin Nijeriya daga 1900. Gidan gwamna na katako da aka ƙera a Birtaniya aka kawo ta jirgi yana nan, ya zama gidan tarihi. Makarantar Hope Waddell ta buɗe a 1895. Hausawa ma sun kafa unguwarsu, Bogobiri, sunan da kunnen Bahaushe ba zai kasa jin "Bagobiri" a cikinsa ba. Har yau nan ne wurin masallaci da tsire da canjin kuɗi.

Daga nan sai saukowa. A 1906 aka mayar da hedikwata Legas. Bayan shekaru kaɗan aka kafa Fatakwal, aka ja mata layin dogo zuwa ma'adinan kwal na Inugu, hajar gabas ta bi ƙarfe ta bar kogi. Kalaba ta ci gaba da zama tasha, amma mai mashigar da ke cikewa da yashi, wadda sai an yi ta yasa kafin babban jirgi ya shigo.

Bugu mafi tsanani ya zo ne daga takarda. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi. Nijeriya ta kafa hujja da yarjejeniyar 1884, cewa ƙasar ta sarakunan Kalaba ce kuma Ingila ba ta da ikon bayar da ita, kotun kuwa ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, wadda babu Ba'efike ko ɗaya da ya zauna a teburinta. A Kalaba aka yi bikin miƙa yankin ranar 14 ga Agusta 2008. A Yuli 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tunda Bakasi ta tafi, Kuros Riba ba ta cikin jihohin da ke iyaka da teku, don haka rijiyoyin mai 76 suka tabbata ga Akwa Ibom, tare da kason kashi 13 cikin ɗari da ake ba jihohin mai. Da ba a yi yankan 1987 ba, da rijiyoyin suna cikin gida ɗaya.

Jihar ta riga ta fara neman wata ƙofa. A 2004 Gwamna Donald Duke ya ƙaddamar da bikin Kanibal na Disamba, wanda ya karɓu har yana cika otal-otal. Tinapa, katafariyar kasuwar da ba a biyan kuɗin fito da aka buɗe a 2007, ba ta yi irin wannan sa'a ba: an gina ta ne don hajar da za ta shigo ta ruwa, kuma yawancin rumfunanta sun daɗe a rufe. Masuntan Bakasi da suka zaɓi zama 'yan Nijeriya kuwa an tsugunar da da yawansu a sansanoni cikin Kuros Riba, nesa da ruwan da suka saba jefa taru.